Itacen Da Ke Kan Kabarin Baba

Yaya,

Wai a ofishin nan naku na kula da gandun daji, wa yake zama ya yanke cewa wannan itace ɗan gida ne, wancan kuwa baƙo? Kai ne, ko na samanka? Ina tambaya ne don in san wanda zan yi wa rashin kunya.

To, bari in yi gaisuwa, kada Inna ta ji na fara da faɗa. Assalamu alaikum. Ya aiki, ya mai ɗakinka da yara? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Inna da ke tashi in ta daɗe a zaune. Ta ce in gaya maka man zafin da ka aiko ya yi mata amfani, Allah ya yi albarka. Na gaya maka. Takarda na rubuto saboda waya ba ta kamawa a nan sai an hau tudu, in na hau kuma ba ka ɗauka. Direban motarku mai kawo kaya ƙarshen wata ya ce zai miƙa maka hannu da hannu.

Ina nan inda ka bar ni, a rumfar gyaran kekunan haya da ke bakin ƙofar gandu. Baƙi sai ƙaruwa suke. Su zo da hular kwano da gorar ruwa da madubin hangen nesa a wuya, su shiga su yini suna leƙen barewa kamar ta ci musu bashi. Ni kuwa in yi faci, in buga iska, in ɗaure birki.

Shekaranjiya aka aike ni ciki, sarƙar keken wata mata ta tsinke a turbar da ta bi ta tsohon ƙauyenmu. Ka san tun da aka tashe mu ba a barin mu shiga haka kawai, sai keke ya lalace. Da na gama, na ce bari in zaga in yi wa Baba addu'a. Yaya, duk abin da hannun mutum ya dasa a wurin nan an shafa masa jan fenti a ƙugu. Mangwaro, gwaba, darbejiya, lemo, ba wanda aka tsallake. Har itacen da ke kan kabarin Baba.

Na dawo na sami Dogo, shugaban masu gadi, yana wanke ƙafa a famfo. Na ce, "Dogo, jan abin nan na mene ne?"

Ya ce, "Duk inda ka ga ja, zarto ne zai bi."

"Me suka yi?"

"Baƙi ne. Ba 'yan asalin dajin ba ne, suna danne na gida."

Na ce, "Ikon Allah. Ni na ga baƙi a nan har kujera kuke ba su."

Ya ce, "Auta, bakin nan naka zai ja maka wata rana. Ni dai umarni ya zo mini daga ofishin yayanka."

Ka san ni da karatu, duk littafin da baƙo ya manta a kwandon keke sai na cinye shi, ko da ƙamus a cinya. Na karanta zancen itatuwan nan masu mamaye daji, kuma ban ce ƙarya ba ne. Ku sare dubu, ba ruwana. Ɗaya nake roƙo. Kabarin ba dutse, ba tudu, ruwan sama ya daɗe da shafe shi. Itacen nan kaɗai ke nuna inda Baba yake. In ya faɗi, shi ke nan. Ba sai na yi maka kwatance ba, ubanka ne.

Ban gaya wa Inna ba tukuna. Ka yi wani abu kafin masu zarto su iso.

Ƙaninka,
Auta


Ƙanena Auta,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, kuma na yi farin ciki da jin lafiyarku. Mu ma lafiya, sai ƙaramar da ta yi mura, ta warke. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ta rage zaman tabarma, ta riƙa hawa kujera.

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya yi yawa. Sai dai ina so ka riƙa tausasa harshe. Takardar nan a buɗe ta iso teburina, ban san idon wa ya bi ta kanta ba. Ba a fara wa babba wasiƙa da tuhuma.

Aikin cire baƙin itatuwa ba ni na ƙirƙiro shi ba, masana ne suka ba da shawara, kuma alheri ne ga dajin. Amma Baba ubana ne kamar yadda yake ubanka, ba sai an tuna mini ba. Na je da kaina wajen mai kula da aikin, na nuna masa wurin a taswira, ya yi mini alkawari ba za a taɓa itacen ba. Har ma ya ce za a kewaye shi da waya a kafa allo. In ka ga fentin yana nan kada ka damu, damina za ta wanke shi. An riga an gaya wa ma'aikata.

Ka kwantar da hankalinka, ka kama sana'arka.

Yayanka


Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Inna ta ce kujera ta masu ofis ce, ita a bar ta da tabarmarta.

Na gode. Ka ga na iya faɗin kalmar, ba ta maƙale mini ba. Da na karanta takardarka na tafi gida na kwashe labarin duka na gaya wa Inna, tunda yanzu yana da ƙarshe mai daɗi. Ta ce, "Kai kullum kana cewa yayanka ya manta da mu. Ga shi nan." Ta sa na maimaita mata wurin da ka ce ka je da kanka. Maƙwabciyarmu ta shigo aron tsintsiya, ita ma sai da aka zaunar da ita aka karanta mata. Yanzu duk layinmu an san cewa ɗan Inna ya tsayar da zarto da baki kawai. Ni ko a gefe, kamar ba ni na ga fentin ba. Ba komai.

An rufe ɓangaren tsohon ƙauye gaba ɗaya saboda aikin, an ɗaura igiya a bakin turba. Ko keke ba ya bi, balle ya lalace a kira ni. Daga rumfata ina jin kukan injin zarto tun safe, sai ka ji itace ya yi ƙara ya zube, birai su watse suna zagi. Na ce da Dogo ya bar ni in leƙa. Ya ce, "Ba yayanka ya gama magana ba? Na ji da kunnena an ce akwai guda ɗaya da aka hana taɓawa. Ko shi ma ba ka yarda da shi ba?" Sai na ji kunya na koma kan facina.

Jiya wani dattijo ya dawo daga yawo cike da murna, wai ya ga tsuntsun nan burtu. Ya buɗe littafinsa yana nuna mini hoton. Na ce masa wannan ai shi ke bin bayan Baba in yana huɗa, yana tsintar ƙwari. Ya dube ni ya ce, "Noma? A cikin nan?" Allon da ke bakin ƙofa cewa ya yi daji ne da hannun mutum bai taɓa ba. Shi ya gaskata, ba ni ba. Wata rana ka gaya mini wanda ya rubuta allon nan.

Na ji ana cewa manya za su zo duba aiki. In kana cikinsu, ka biyo ta ƙofarmu. Zan ware maka keke mai lafiyar birki, mu shiga tare, ni da kai. Ba mu taɓa tsayawa a kansa tare ba.

Auta


Ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina fata Inna tana samun sauƙin gwiwar. Mu nan lafiya.

Takardarka ta zo bayan mun riga mun je mun dawo. Da shugabanmu muka je da wasu baƙi daga waje, kuma ta ƙofar arewa aka shigar da mu, don can masaukin yake. Na so in ƙaraso gida, amma tafiyar ba a hannuna take ba, kuma ba ya kyautuwa in bar shugaba a daji in ce zan je gaida uwata. Ka ba Inna haƙuri, ka san yadda za ka faɗa mata.

Auta, dajin nan ya yi kyau. Rabon da in hau keke tun muna yara, cinyoyina har yau ciwo suke. Mun ga garken gwanki a bakin tafki, mun ga mugun dawa da 'ya'yansa sun ɗaga wutsiya suna gudu a jere, baƙin nan kamar su yi kuka don murna. A inda gonakin ƙauye suke an share fili an zuba tsakuwa, za a gina dandalin katako na kallon dabbobi, da wurin jingine kekuna. In an gama za ka ga yadda aiki zai ƙaru a rumfarka.

Na saci jiki na bar su, na je wajen itacen Baba. Yana nan tsaye shi kaɗai a bakin tsohuwar rijiya, an kewaye shi da waya kamar yadda aka yi alkawari. Na daɗe a gindinsa ina addu'a. Na tuna yadda yake zama a nan da yamma yana gyaran fartanya, ni ina karanta masa darasi yana gyaɗa kai kamar yana ganewa. Ban san sanda hawaye suka zo ba. Ya yi 'ya'ya sosai bana. Na tsinko biyu na sha a wurin, zaƙinsu yana nan yadda na sani. Na zo wa yara da wasu, na ce musu daga wurin kakansu ne.

Yayanka


Yaya,

Ban san ta inda zan gaishe ka ba. Muna numfashi. Inna lafiyarta lau, domin ba ta san abin da na sani ba.

Me ka sha? Na karanta layin nan na sake karantawa, ina tsaye da famfon buga iska a hannu. Wa yake shan 'ya'yan darbejiya har ya kai wa yara tsaraba? Mangwaron bakin rijiya ka tsare, Yaya. Ba a nan Baba yake ba. Wa zai binne mutum a bakin rijiyar da ake sha? A ƙarshen gonarsa aka sa shi, ta gabas, kuma darbejiya ce a kansa. Ni na ciro ta 'yar ƙarama daga bayan ɗaki na dasa, ina ɗibar mata ruwa a buta har ta kama. Kana can kana jarrabawa.

Na yar da famfon, na ɗauki keken haya, na tsallake igiyar. Dogo yana kirana ban waiwaya ba.

Babu gona, babu ƙarshen gona. Fili ne fetal, tsakuwa ja shimfiɗe kamar farfajiyar asibiti. Darbejiyar ba ita kaɗai ba ce, ka gane. Shekarun nan tsuntsaye sun ci 'ya'yanta sun watsa, duk gefen ya zama kurmin darbejiya, ita ce uwarsu. Da ita nake gane wurin, da su nake gane ta. An sare su duka, katafila ta tumɓuke kututturan don kada su sake tofowa, aka tara aka ƙone, aka baje ƙasa. Na tsaya inda nake zaton nan ne. Na matsa gaba, nan ma ya yi kama. Na koma baya, haka. Na juya in auna da rijiya, sai na ga hanyar da nake bi a da ita ma an karkatar da ita.

Masu aikin suna zaune a inuwar motarsu. Na ce da mai katafilar, "Malam, babbar darbejiyar nan mai reshe biyu, a ina take tsaye?"

Ya ce, "Wacce? Ai duk manya ne."

"Akwai kabari a ƙarƙashinta."

Ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Subhanallahi. Mu mangwaro aka nuna mana. Ga shi can, ko ganyensa ba mu taɓa ba." Ya tashi ya bi ni, muka yi ta zagaye filin, shi yana cewa kamar nan, ni ina cewa kamar can. Mutumin nan da bai san Baba ba sai da idonsa ya yi ja. A ƙarshe ya ce, "Ɗan'uwa, ban huda ƙasa da zurfi ba, wallahi. Yana nan. Inda yake ne ban sani ba."

Na wuce ta wajen mangwaronka. Waya sabuwa fil, allo fari tas. Ka yi kuka mai kyau a wurin da ba kowa.

Abu ɗaya nake so in sani. Da ka buɗe taswira za ka ɗora yatsa, ba ka ji ko ɗar ba?

Auta


Auta,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ban yi barcin kirki ba tun da takardarka ta zo.

Ka tambaye ni, ni ma bari in tambaye ka. Cikin dukan dogon rubutunka, da zagin ofis da ba'ar baƙi, kalma ɗaya ta gagare ka? Ka ce darbejiya, shi ke nan. Ka san sarai ba na nan aka yi jana'iza. Da na iso, ana ta haɗa kayan tashi, kowa na kuka, ba wanda ya kama hannuna ya ce zo ka gani. Daga baya kuma duk zuwan da na yi, kallon da kake mini ba ya barin mutum ya buɗe baki ya ce ina ne. Ka rubuta cewa ba sai ka yi mini kwatance ba. Gwada ni ka yi, kuma ka san haka.

Abin da ya faru ya faru. Zan sa a dasa itacen gida a gefen filin, a madadinsa. Roƙona biyu. Kada Inna ta ji, ba ta da ƙarfin wannan. Na biyu, za a yi bikin buɗe dandalin farkon wata mai zuwa, kuma ni aka zaɓa in yi jawabi, a matsayina na ɗan asalin wurin. In zancen kabari ya fito yanzu, za a ce na yi amfani da kujerata na tsare itace, kuma na tsare wanda ba shi ba. Kai ma rumfarka a ƙasar gandu take. Ka bari bikin ya wuce, sai mu san abin yi a tsanake.

Yayanka


Yaya,

Sallama. Yara suna lafiya? Ka gaishe su. Gwiwar Inna ta kumbura, dalilin yana ƙasa.

Eh, ban rubuta darbejiya ba. Ina ɗauke da wannan, kuma ba sai ka ɗora mini ba, na riga ka ɗauka. Amma ni na ɗauka ɗa ya san inda ubansa yake. Kai kuwa ka san ba ka sani ba, ka zaɓi ka yi canke da kabari a kan ka tambayi mai faci.

Zancen kada Inna ta ji, ka makara. Ba ni na faɗa ba. Mai katafilar ne ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidanmu, ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana neman gafara. Na dawo na same su a haka. Ta ce masa, "Tashi, ɗana, kai aiki aka sa ka." Da ya tafi ba ta yi kuka ba, ba ta ambaci sunanka ba, ba ta ambaci nawa ba. Ta ce, "Gobe ka kai ni."

Na ce, "Inna, mota ba ta shiga, kuma da nisa."

Ta ce, "Duk kekunan nan da kake shafawa, ba mai ɗaukar tsohuwa?"

Na naɗe bargo a kariyar keke na ɗora ta. Dogo ya gan mu a ƙofa, ya juya baya ya kama gyaran wata igiya da ba abin da ya same ta. A hanya tana riƙe da rigata tana kiran wurare: nan gidan wane, nan masussuka, nan aka haife ka. Wasu baƙi suka wuce mu a guje, ɗaya ya ɗaga mana hannu, ɗaya ya ɗauke mu hoto. Barewa ta gitta, ta ce, "Su dai sun samu."

An riga an buɗe wa baƙi turbar, dandalin ma an gama shi, biki kawai ake jira. Da muka isa ta sauka a bakin tsakuwar. Ta duba gabas, ta duba yamma. Na zuba mata ido, don a raina na sa cewa ita za ta gane. Ta daɗe. Sai ta sunkuya ta cire takalmanta ta riƙe a hannu. Wani mai yi wa baƙi jagora ya ce, "Mama, sa takalminki, akwai ƙaya. Ki hau dandali, daga can an fi ganin dabbobi." Ta ce, "Na gode, ɗan nan." Ba ta taka filin ba. Ta bi gefensa ta cikin ciyawa, da gwiwar nan, har ta zagaye shi kaf, bakinta yana motsi. Kekuna jingine a tsakiya, mutane na cin abincinsu a kai. Da ta dawo inda nake ta ce, "Tunda ban san inda zan kauce ba, gara in kauce wa duka. Mu je."

Itacen madadinka ka riƙe shi. A kan wa za ka dasa?

Ga abin da nake so, ba a tsanake ba. A kwashe wurin jingine kekunan, a kewaye filin duka, a mayar da turba ta baya. Ba za a yi haka ba sai ofishinku ya yarda akwai mutum a ƙasan, ofishinku kuma ba zai yarda ba sai wani mai kujera ya faɗa da bakinsa. Rumfa kuwa su karɓe, na riga na fara kwashe kayan aikina.

Ranar bikin zan zo da wankakkiyar riga, in tsaya a sahun gaba. In ka gama ba su labarin yadda ka tashi a dajin nan, zan ɗaga hannu kamar mai ladabi, in tambaye ka wa ke kwance ƙarƙashin tsakuwar da suke tsaye a kai. Kada ka aiko mini da amsa ta hannun direba, ba zan buɗe ba. Lasifika tana hannunka ranar. Ka amsa a nan, shugabanka yana ji, baƙinku suna ji, Inna tana ji.

Auta